A tambayi kurtun da ke Sabon Birni kafin a ƙera masa bindiga

A watan Afrilun 2022 sojin ƙasa na Amurka suka zaɓi sabuwar bindiga ta kamfanin SIG Sauer, wadda yanzu ake kira M7, don ta gaji M4 a hannun dakarun gaba. Harsashinta mai milimita 6.8 an yi shi ne don huda rigar sulke daga nesa. Sai dai gidan harsashinta 20 yake ci, na M4 kuwa 30. Sojan da ya saba fita da gida bakwai, wato harsashi 210, yanzu 140 zai riƙe, ga ƙarin nauyi a kafaɗa.

Su da abokan gabarsu ke nan. Namu daban ne. Tun da aka sa hannu kan sabuwar dokar DICON, hukumar ƙera makamai ta Najeriya, a 2023 ake ta maganar ƙera makamai a gida, kuma fargabata ita ce kada a kwaikwayo bukatar wasu a ɗora wa yaranmu.

Sojan da ya tashi daga barikin Giginya da ke Sakkwato zuwa Isa ko Sabon Birni ba da masu sulke yake arangama ba. 'Yan bindiga ne bisa babura, biyu-biyu ko uku-uku, su ɓullo daga daji su buɗe wuta su ɓace. A irin wannan kwanton ɓauna, yawan harsashin da ke jikinsa ya fi masa amfani fiye da cin dogon zango. Shi ma sau da yawa a bayan babur yake, ga hular kwano, ga gorar ruwa, don haka bindigar da gindinta ke naɗewa ta fi masa sauƙin juyawa.

Sai ƙura, wadda ita ce babbar magana. Duk wanda ya yi hunturu a Sakkwato ya san yadda take shiga har cikin tukunyar da aka rufe. Idan ta haɗu da man da aka shafa wa bindiga sai ta zama taɓo, ƙarfen ya cije daidai lokacin da aka danna kunama. Abin da ya sa AK-47 ta daɗe a hannun sojanmu ke nan: sassanta ba su matse ba, kurtu na iya kwance ta a kan tabarma ya goge ya mayar ba tare da kayan aiki ba. Amurkawa sun ɗanɗana matsalar cijewar bindiga a Biyetnam, inda M16 ta farko ta riƙa maƙalewa, aka yi asarar rayuka. Ga zafin bazara da ke wuce digiri 40, ƙarfe ya gagari riƙo, batirin na'urar hange ya yi saurin lalacewa, kuma ina soja zai samu canjinsa a Gudu ko Tangaza?

Na'urar hangen dare kam ana bukatarta, domin maharan nan da dare suka fi motsi. A dai yi ta yadda in ta mutu bindigar za ta ci gaba da aiki, kuma harsashin ya zama irin wanda masana'antar DICON da ke Kaduna ke iya yi.

Kafin a sa hannu kan kowace kwangila, a kai samfurin gabashin Sakkwato, a danƙa wa ƙananan sojoji su yi hunturu guda da bazara guda da shi, sannan a zauna da su ba tare da manyansu a ɗakin ba a ji abin da suka gani.