Gurar da na kafa wa teku a Daura

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin teku ba. Mu Daurawa dama tarihinmu da ruwa a rijiya ya fara, ita ma Kusugun sai ranar Juma'a maciji yake bari a ɗiba. Amma ina da wani taubashina mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, wanda ya ƙulla abota da masu kwalekwalen inji, ya hana ni sakat da hotuna a WhatsApp. Yau ga shi rungume da wani dogon kifi mai haƙora kamar zarto, wai shi barakuda, gobe ga shi da wani wanda ya kusa kai ɗan akuya.

Da ya ce in zo bayan babbar sallah ya kai ni, sai na tambaye shi me suke laƙa wa ƙugiya, ko tana ce irin tamu. Ya tuntsire da dariya.

"Kai baƙauye! Manyan kifayen teku sun fi son abin da ke motsi. Tarko muke kafawa da yamma, mu sa abinci a ciki. Bakinsa kamar mazurari ne, in ƙananan kifi ko jatan lande ko ƙaguwa suka shiga ba sa gane hanyar fita. Da asuba mu kwashe su da ransu a bokiti, mu nausa cikin teku."

Na ce a raina, ashe gura ce ake yi mini wannan ƙaryar birni a kanta. Kalmar baƙauyen nan kuwa ta tsaya mini a wuya. Na ƙudura cewa da nawa 'yan kifin zan sauka Legas, masu rai, haifaffun Daura. Ban gaya masa ba.

Ranar Asabar na hau babur sai dam ɗin Sabke. Na sayi gura a hannun wani dattijon masunci, na ce, "Baba, 'yan kifin da zan kai Legas nake nema, me ake sa mata?" Ya ce, "Dusa, Malam. Ka kwaɓa ta ka dunƙule, ka ɗora dutse a ciki, ka shiga da ita inda ruwa ya kai ƙugu." Na yi godiya, amma fa ni malamin makaranta ne, ga babbar waya a aljihu. Dusa ai ta kifin da zai ƙare a miyar ƙauye ce. Kifin da zai yi tafiyar Legas sai da abinci mai daraja. Na koma gida na ɗebi daddawar uwargida da ƙuliƙulinta ba ta sani ba, na haɗa da hanjin kaza.

Karon farko akuya ce ta cinye ƙuliƙulin har da ledar, ina sallar la'asar. Karo na biyu na samu kwaɗi 9, suna kallona kamar na makara wajen taro.

Karo na uku shi ne magana. Ban iya ruwa ba, kuma ba na son jiƙa wando, don haka a bakin gaɓa na kafa ta cikin ciyawa, rabinta a waje. Hanjin kazar nan ya kwana biyu, warinsa ko daga kan titi ana ji. Da sassafe na zo na ga gura tana rawa ita kaɗai. Na ɗaga, na ji nauyi. Zuciyata ta ce tarwaɗa ce, irin mai gashin baki. Har na fara tsara abin da zan rubuta a ƙarƙashin hoton. Na kwance bakin sama, na yi bismillah, na zura hannu.

Abin da na taɓa ba santsi gare shi ba, kaushi ne. Kafin in gama wannan lissafi wani guza ya leƙo, ya zaro mini harshe mai baki biyu, ya kawo mini bulala da wutsiya a damtse. Ban san na iya ihu haka ba. Na ja da baya, caɓi ya riƙe takalmina ɗaya, na zauna daɓas cikin ruwan da nake gudun ya taɓa mini wando. Hulata ta kama hanyar tsakiyar dam. Baba yana kan gorarsa can nesa, ya ɗaga murya: "Malam, wannan ne na Legas ɗin?"

Daga nan na koma dusa, ba gardama. Kwana ɗaya tak na samu 'yan karfasa da kawara 23. Na kawo su gida na zuba a babban bahon wanki, ina canza musu ruwa safe da yamma, mai ga-ruwa har ya fara gaishe ni da ranka ya daɗe. Uwargida ta ce, "Malam, ko kishiya ka yi mini ba za ta sha ruwa haka ba."

Saura kwana uku tafiya na kasa haƙuri, na kira taubashina, na buɗe muryar waya don kowa a gidan ya ji yadda zai sha kunya. Ya yi shiru, sannan na ji yana kiran abokansa su zo su saurara.

"Daga Daura? Tafiyar da ta haura kilomita 1,000, kwana da yini a mota, kifi a bokiti? Kafin ku kai Zariya sun juya ciki sama. Ko da sun iso ma, kifin dam ne fa, ruwan gishiri zai kashe su kafin barakuda ya gama hamma."

Na kashe wayar, na shiga ɗaki na kwanta don in yi tunani. Ban kai ƙarshen tunanin ba na ji ƙamshin man gyaɗa. Da na fito baho wayam, yara sun zagaye kasko kowa da yajinsa a tafin hannu. Uwargida ta miƙo mini guda biyu a murfin kwano, ta ce, "Ga naka, Sarkin Ruwa. In ka gama sai mu yi maganar kuɗin daddawata."