Aikin ido na sa kai a ƙasashen waje: wa zai duba majinyaci bayan baƙi sun tafi?

Jama'a, ina da magana a kan likitoci da ma'aikatan jinya masu barin gidajensu su tafi wata ƙasa yin aikin ido kyauta a ƙauyuka. Ina ganin girmansu ƙwarai, Allah Ya saka musu da alheri. Buƙatar kuwa ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2019 cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke fama da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu da an iya kare su, ko kuma har yanzu ba a duba su ba. Yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, alhali ƙwararren likita na iya cire ta ya sa sabon gilashi cikin ido a ƙasa da rabin awa. Kuma makanta a gidan talaka ba ta tsayawa a kan mutum ɗaya. Yaron da ya zama ɗan jagora ya bar makaranta ke nan, gona ta rasa hannu, tukunya ta ragu.

To amma abin da ke damuna shi ne yadda muke auna nasara. Hoton da ake yaɗawa kullum na ranar kwance bandeji ne, tsohuwa na ƙifta ido tana hamdala, ana rungume-rungume. Hoton gaskiya ne. Sai dai aiki bai ƙare a ranar ba. Wanda aka yi wa aikin yanar ido zai yi makonni yana ɗiga magani, kuma dole a sake duba shi bayan kwanaki, a sake bayan kamar wata guda. Idan ƙwayar cuta ta shiga cikin idon, abin na gaggawa ne, jinkirin kwana biyu na iya cinye idon gaba ɗaya. Wani kuma sai bayan shekara ko biyu ganinsa ya sake dusashewa saboda fatar da ke bayan gilashin ta yi hazo. Gyaran na mintuna ne da na'urar leza, in akwai ta kusa. A lokacin baƙon likita ya daɗe da komawa ƙasarsu. Wa tsohuwar za ta nufa? Kuma duk idon da ya lalace bayan aiki, labarinsa zai zaga ƙauyuka goma, gobe ko kyauta aka ce a zo sai mutane su noƙe.

Haka batun tsofaffin tabarau da ake tarawa a kwali a kai wa talakawa. Niyya mai kyau ce, amma tabarau na ma'aunin idon mai shi ne, sau da yawa ma ido na dama daban na hagu daban. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya gano kashi 7 cikin 100 kawai na irin waɗannan tabarau ne suka cancanci a sake amfani da su, kuma wahalar tantance su ta fi sayen sabo tsada.

Waɗanda suka canza wannan fage da gaske ba yawan zuwa suka yi ba. Ku dubi Fred Hollows, likitan Ostareliya da ya rasu a 1993. Ya lura cewa tsadar gilashin da ake sawa cikin ido ce ke hana talaka aiki, sai ya dage a gina masana'antarsa a Eritiriya da Nepal. An buɗe su a 1994, bai ma rayu ya gani ba. Abokin aikinsa Sanduk Ruit, ɗan Nepal, ya ci gaba a cibiyar Tilganga da ke Katmandu, yana yi wa dubban mutane aiki yana kuma horar da likitocin wasu ƙasashe. A Indiya, Dakta Venkataswamy ya fara asibitin Aravind a Madurai a 1976 da gado 11, kuɗin masu hali na ɗaukar nauyin marasa hali. Ko jirgin ƙungiyar agajin ido ta Orbis da ya fara tashi a 1982, asibiti ne a cikin jirgin sama, amma babban aikinsa koyarwa ne: likitocin gida na zaune suna kallon tiyata kai tsaye, suna tambaya, sannan su kama da hannunsu.

Amosanin ido ya fi komai nuna wannan. Cutar na maimaituwa tun yarinta har fatar ido ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar ido duk ƙiftawa. Akwai matan da ke yawo da ɗan hantsaki a wuya don tsige gashin, ya sake tsirowa, su sake tsigewa. Gana ta kawar da ita a matsayin barazana ga lafiyar al'umma a 2018, Gambiya a 2021. Da me? Da ma'aikatan jinya na gida da aka koya wa gyaran fatar ido, da rabon magani gari-gari, da wanke fuskar yara, da ruwa da masai. Ba abin da ziyarar mako biyu za ta iya a nan.

Ni ban ce kada a je ba, a je. Amma ɗan'uwa, kafin ka yanki tikiti ka tambayi masu shirya tafiyar: wane asibitin gida ne ya gayyace mu, wa zai riƙe sunayen majinyata, wa zai gan su bayan wata guda? Ka nemi lasisin aiki a ƙasar kamar yadda za ka buƙata daga baƙo a ƙasarku. In kai ɗalibi ne, abin da ba a yarda ka yi wa majinyaci a gida ba, kada ka yi shi a kan talakan wata ƙasa. Rajista, gwajin gani da allon haruffa, riƙe hannun tsoho zuwa ɗakin tiyata, duk aiki ne mai lada.

Sannan a yi wa mai hawan jinin ido gaskiya, wato cutar da matsin cikin ido ke lalata jijiyar gani. Ganin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa kuwa galibi na har ƙarshen rai ne. Kwalba ɗaya da baƙo ya miƙa masa za ta ƙare cikin makonni, don haka kafin ya bar wurin a haɗa shi hannu da hannu da ma'aikacin da zai ci gaba da auna masa ido, a kuma faɗa masa inda zai samu kwalba ta biyu.