Ban yarda dattijon nan mai taba ya ceci kowa ba

Malam, na karanta abin da ka rubuta kan dattijon nan mai shan taba na shirin talabijin ɗin Amurka The X-Files, inda ka ce ƙarya da kisan da ya yi duk don ya kare 'yan Adam ne daga halittun wata duniya. Gaskiya ban yarda ba.

Ni da yayana muka kalli shirin a faifan sidi, cikin shagonsa a Mabera, janareta na ruri, zafin Sakkwato na dukanmu. Tun ranar mutumin ya tsaya mini a rai. Yana jingine a lungun ofis, ko uffan, sai hayaƙi.

Na san hujjarsa. Ƙungiyar asirin da yake ciki ta yi sulhu da halittun wata duniyar a 1973 don ta samu lokacin haɗa rigakafin cutarsu a ɓoye. To da me suka biya? Da iyalansu. Aka ɗauke Samantha, ƙanwar Mulder jarumin shirin, tana 'yar shekara 8. Dattijon kuwa ya miƙa matarsa Cassandra, aka yi ta gwaji a jikinta shekara da shekaru. Daga baya ya harbi ɗansa Jeffrey da hannunsa don yaron ya juya masa baya.

Wanda bai tausaya wa jininsa ba, yaya zan yarda tausayin jama'a ne ya hana shi barci? Mulki yake so, da jin daɗin cewa shi kaɗai ya san gaskiya. Yayana har yau cewa yake tsoro ne ya kai shi, amma ni wurin harbin Jeffrey ban ga tsoro a idonsa ba.