Wai Hutu Na Je Yi

Tun da na dawo Sakkwato, duk majalisar da na zauna sai wani ya ce, "Alhaji, ka sha iskar teku!" Wace iska? Wata biyu na yi ina aiki a ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, tsakanin Dakar da Banjul, kuma wanki kaɗai ya isa ya sa mutum kuka.

Ruwan daɗi na cikin tanki, na sha ne da girki, da kofi ake auna shi. Wanki sai da ruwan teku, wanda kowace lita ke ɗauke da gishiri kusan giram 35. Sabulu ba ya kumfa. Ka shanya riga, gishirin ya yi ta jawo laima, kwana biyu tana danƙo. Mu da a nan kafin ka gama shanya ta uku, ta farko ta bushe ƙarau!

Ga tsatsa, har cokali bai tsira ba. Ga gadin dare. Ka tayar da salla ka daidaita alƙibla, jirgi ya juya.

Jiya ma ƙanena ya ce, "Yaya, in za ka koma ka tafi da ni." Wanda ko kwanonsa ba ya wankewa.