Kufan da gari ya cinye suna nan cikin tsofaffin hotuna

Duk wanda ya san Yamai ya san yadda take cin daji. A 1960 mutanenta ba su wuce dubu 30 da ɗoriya ba, ƙidayar 2012 kuwa ta same su sun haura miliyan ɗaya. Inda aka yanka filaye aka zuba siminti, kufai ya tafi ke nan, da tsingaronsa da kashin maƙeransa. A gefen Saga Goru, nan bakin Yamai, kaɗai masu bincike sun tarar da ragowar wuraren narka tama masu ɗimbin yawa, ga shi gini ya doshi wajen.

Amma akwai waɗanda suka ga ƙasar nan kafin a taɓa ta. A shekarun 1950 hukumar taswira ta Faransa ta bi ta da jirgin sama tana ɗaukar hoto. Daga 1960 zuwa 1972 kuma taurarin leƙen asirin Amurka na shirin CORONA suka ɗauki hotuna sama da dubu 800, aka ɓoye su har 1995. Makaman Rasha suke nema, ba tarihin kowa ba. Sai ga shi a 2023 masana sun ƙirga sansanonin Rumawa 396 a Siriya da Iraƙi daga cikin hotunan nan da na wani shirin leƙen asiri irinsa.

A ganina lokaci ya yi da IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'ar Abdu Mumuni, da hukumar taswira ta ƙasa za su tattara tsofaffin hotunan Nijar, su zuba su a kwamfuta, su jera su da na yau. Aikin ba ya bukatar tona ko taƙi ɗaya. Ganuwar da ta rushe takan bar zobe a ƙasa, launinsa daban, wanda mai tafiya bisa kansa ba zai lura ba. A Birnin Ƙwanni, da rundunar hafsan Faransa Voulet ta ƙone a 1899, da nan zan so a fara.

Sai dai hoto kurma ne. Mafi kyawun na CORONA da kyar yake rarrabe abin da bai kai mita biyu ba, kuma ko ya nuna zoben, ba zai faɗi sunan garin ba, balle wace yunwa ko wane yaƙi ya tashe shi. Wannan sai tsofaffi. A buga hoton, a kai shi zauren mai gari a Adar, a shimfiɗa tabarma a ce: “Baba, nan fa?” Su ma tsofaffin ba jiranmu za su yi ba.

Abu guda ke sa ni ɗar-ɗar. Bura, tsohuwar makabartar da aka gano a yammacin Nijar a 1975, masanin tarihi Bube Gado ya tona a 1983, sunanta na fita sai masu haƙa suka yi mata ca, gumakanta na yumɓu suka watsu kasuwannin Turai. Saboda haka kada a saki taswirar wuraren da aka gano a intanet sai an zauna da mai gari da masu gonakin, an san wanda zai sa ido a kan kowane wuri.