Tara mayaƙa wuri guda ba shi ne nasara a El Grande ba

Sabbin 'yan wasan El Grande, wasan da ake yi a kan allo mai taswira, da yawa sun ɗauka cewa wanda ya jibge mayaƙa (ƙananan 'ya'yan wasa da ake ɗorawa a kan allon) masu yawa a yanki ɗaya shi zai ci. Ba haka ba ne. A wannan wasa na 1995, wanda Wolfgang Kramer da Richard Ulrich suka ƙirƙira, ana rigimar yankuna 9 ne na ƙasar Sifaniya, kuma maki na bin matsayi ne, ba yawan mayaƙa ba. Idan kana da mayaƙa 4 a wani yanki, abokin karawarka na da 3, ka samu makin farko cif. Ƙarin biyar da ka zuba a can asara ce, domin da sun kawo maka matsayi na biyu a wasu yankunan, kuma na biyu ma yana da rabonsa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ana babban lissafin maki ne bayan zagaye na 3, na 6 da na 9, don haka rinjayen da ka kafa da wuri ana iya rushe shi kafin lissafi. Abin da ke kare yanki shi ne sarki, wato alamar da ake matsarwa daga yanki zuwa yanki a kan allon: inda ya tsaya, babu mai shiga, babu mai fita. A ganina nan mai koyo ya kamata ya fara sa ido.