Farin bango a zanen fentin ruwa

Mutane da yawa in suka ga zanen farin gida a bakin teku, rana na dukan bangonsa, sai su ɗauka farin fenti aka shafa. Ba haka ba ne. A fentin ruwa, wato launin da mai zane ke jiƙawa da ruwa ya shafa a takarda, galibi takardar ce kanta aka bari fara. Launin shara-shara ne, haske na ratsa shi ya dawo daga takarda, shi ya sa ake fara shafa mai haske kafin mai duhu.

Dubi zanen Winslow Homer, Ba'amurke, na wani farin bango a Nassau, babban birnin Bahamas, a 1885. Inuwar bangon shuɗi-shuɗi ce, don hasken sama ke sauka a kanta, ita ke fito da farin. Wanda ya zuba baƙi a nan ya kashe zanen.